Makullin Ganga a Bakin Zane

"Lafiya lau, lafiya lau, gaisuwar ta isa haka. Wane ne ma? Matso wajen taga in ga fuska. Au! Tsinke ne. Na ɗauka mai karanta mita ne, don shi ya fi ka sanin hanyar gidan nan."

"Shi aikinsa ke kawo shi, Amarya. Ni kuwa tausayi ne. Na ce bari in je in ga ko haƙorin nan guda ɗaya yana nan, ko shi ma ya yi murabus."

"Yana nan, yana jiran kunnenka. Juya in ga bayanka. Kai! Gaba da baya duk ɗaya. In aka jingine ka a bayan ƙofa, baƙo zai ɗauke ka ya ce lemarsa ce."

"Wannan ramar ai ke kika jawo. Mutum ya auri mace, ba girki, ba wanki, sai baki."

"Mijin da bai san hanyar cefane ba? Zauna, kada iska ta kwashe ka a ce a ɗakina ka ɓata."

Tsinke bai zauna ba. Idonsa na ta yawo a ɗakin, daga ƙarƙashin gado zuwa saman akwatuna, kuma Kaka ta san abin da yake nema. Ta sani tun jiya, lokacin da 'yarta, wato uwarsa, ta kira ta a waya ta ce a sa shi a addu'a. Wata ƙungiyar makaɗa ce ke neman mai ganga, za a gwada mutane yau da yamma, kowa kuma da gangarsa zai je. Kaka ta yi addu'ar tsakaninta da Allah. Amma da ta ajiye wayar, ta daɗe tana kallon kusurwar ɗakin.

Gangar tana can a kusurwar. Irin ta 'yan badujala ce, gajeruwa mai faɗi, jikinta tagulla, da notuna kewaye da bakinta, da wasu siraran wayoyi a shimfiɗe a ƙarƙashinta. Watanni ke nan da jikan nata ya kawo ta ajiya, don mai gidan da yake haya ya ce ko ganga ta fita ko su fita tare. Kaka ta karɓa tana mita. To amma ganga irin wannan tana da wata ɗabi'a. In aka yi magana kusa da ita da ɗan ƙarfi, sai wayoyin nan su motsa su ce zzz, kamar mai cewa na ji. In an yi tari ta amsa. In an yi dariya ta taya. Ɗakin da mutum yake kwana shi kaɗai ya tashi shi kaɗai, ba a rasa wa abu irin wannan gurbi a cikinsa. Kaka ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai ƙudura a ranta cewa gangar nan ba inda za ta.

"Amarya, ina ajiyata?"

"Wace ajiya? Ka taɓa mallakar abin ajiyewa?"

"Gangata."

"Ban ga ganga ba. Tebur dai nake da shi."

Ya bi inda idonta ya ƙi kallo. Ga wani abu an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai ado a gefe. A kansa ga fulas ɗin shayi, ga kofi, ga tabarau, ga kwalbar maganin gwiwa.

"Innalillahi! Fulas a kan gangata?"

"Ai ta fi ka amfani. Ita tana ɗaukar kaya."

Ya sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, ya yaye ƙyallen, sai ya tsaya cak. Hasken taga ya faɗa a kan tagullar, ta maido shi har saman rufi.

"Me kika yi mata?"

"Wanka."

"Shekara da shekaru ina tara mata wannan duhun! Tagulla in ta yi duhu, duk wanda ya gani ya san ta sha hannu, mai ita ba ɗan koyo ba ne. Yanzu kin mai da ita kamar sabon faranti a shago."

"Duhu? Dauɗa dai. Na same ta kamar mai ita. Toka da lemon tsami na sa mata, har yau kafaɗata ba ta yafe mini ba. Yanzu ko madubi ba na nema. Tsayar da ita a gefenta ka leƙa, ka ga yadda za ka yi kumatu. Ita kaɗai ce a duniya ta taɓa sa ka ƙiba."

Ya kai hannu saman gangar, hannun ya zame.

"Wannan santsin fa?"

"Mai ne. Fata ta bushe fari fat kamar ƙafarka. In na yi wanka na shafa, sai in shafa mata ragowar."

"Kaka," in ji shi. In ya ce Kaka, to abin ya fara kai masa wuya. "Ba fata ba ce. Roba ce."

"To, shi ya sa ba ta sha. Ni ina ta cewa wannan wace irin dabba ce mai taurin kai."

Ya zaro sandunan kiɗa daga aljihun baya, ya ɗora gangar a kan gwiwa, ya buga sau ɗaya. Ta ce dub, kamar jiƙaƙƙen kwali ya faɗo daga saman mota, wayoyin kuma suka bi bayan bugun da kwaramniya, suka ƙi yin shiru.

"Har notunan an kwance."

"Na sassauta mata ne. Ka ɗaure baiwar Allah tamau kamar wadda aka kama da sata. Ko numfashi ba ta yi."

"Da me kika kwance?"

"Da ɗan makullin da ka rataya a jikinta."

"Yana ina?"

Kaka ta gyara zama, ta ɗora tafin hannu a kan cinya. Ɗan makullin yana ƙarƙashin hannun, a ɗaure a bakin zanenta. Da safen nan ta ƙara masa ƙulli a kan ƙulli, har ta jiƙa wurin da ruwa ta ja don ya kama. Ta san ba a ɗaure notunan nan sai da shi, kuma inda ake sayar da irinsa yana can wani gefen gari. Kafin a je a dawo, an gama gwaji an share wuri.

"Kaza ta haɗiye," in ji ta.

"Wace kaza?"

"Baƙar nan mai kama da kai. Je ka tambaye ta."

"Mene ne wancan a bakin zanenki?"

"Sirrin mata."

"Sirrin mata mai kan ƙarfe? Amarya, don girman Allah. Rana tana tafiya. Aikin nan in na same shi, na huta da bin gidajen biki ina roƙon a ba ni waƙa ɗaya in buga."

Ta ji maganar, ta kuma ji inda ta sauka. Amma bakinta ya riga zuciyarta.

"Me ma za ka je ka nuna musu? Abu mai murya ɗaya, hayaniya. Da ka ɗauki murfin tukunyata biyu ka je, ba wanda zai gane bambanci."

"Murya ɗaya? Wannan gangar ta fi kasuwa yawan baki. Ba ki taɓa jin ta a hannun gwani ba ne."

"To kira gwanin."

"Ga shi a gabanki."

"Ina? Ya ɓuya a bayan sandar?"

"Ba ni makulli ki ji."

"Makulli ba ya barin zane, zane ba ya barin jikina. In kana so ka matso."

Ya dube ta, ya dubi hasken taga, ya ga ba shi da lokacin gardama. Ya fita tsakar gida da gangar, ya ɗebi ruwan ɗumi a butar shayi, ya sa sabulu ya wanke man nan tas, yana yi yana ƙunƙuni, tana jin sa tana ba shi amsa ta taga. Da ya goge ta ta bushe, sai ya dawo ya durƙusa dab da gwiwarta, ya ajiye gangar a tsakaninsu, ya jawo bakin zanen.

Aikin kuwa bai zo da sauƙi ba. Ba a ɗaure notunan ganga a jere. In ka ɗan juya wannan, sai ka tsallaka ka juya wanda ke fuskantarsa, don bakin ya zauna daidai. Zanen kuma bai kai ya tsallaka ba. Dole duk noti ɗaya sai ya juya gangar gaba ɗayanta ya kawo shi wajen Kaka. Kuma duk juyin makulli sai zanen ya murɗe, sai ya cire ya warware.

"A hankali, za ka tuɓe ni."

"Wa zai kalla?"

"Kai, ka kiyaye ni. A zamanina in na fito ɗibar ruwa, masu keke faɗawa kwata suke yi."

"Tsoro ne ya kada su."

Ta kai masa dundu a baya, hannun ya sauka a hankali fiye da yadda ta ɗaga shi. Yana juya noti, yana ɗan ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, yana karkata kai yana saurare. Ƙeyarsa na dab da hancinta. Rabon da ya zauna kusa da ita haka, tun yana ɗan mitsitsi tana matse shi tsakanin gwiwoyi tana yanke masa farce yana ihu. Ga tabon da ya samu a bayan kunne ranar da ya faɗo daga katanga, yana nan. Ta so notunan nan su fi haka yawa.

"To," in ji shi, ya miƙe zaune ya ɗora gangar a kan ƙaramar kujera. "Faɗi abin da kike son ji."

"Shiru."

"Wannan sai ranar da kika yi barci. Faɗi wani."

"Ruwan sama."

Ya ɗora kawunan sandunan a kan gangar a hankali, ya bar su suna rawa da kansu. Da farko kamar yayyafi a kan kwano, ɗai-ɗai, daga nesa. Sai ya ƙaru, ya haɗe, ya zama shaaa, ya cika ɗakin har fulas yana amsawa. Kaka ta dafa ƙasa ta fara yunƙurawa, idonta a ƙofa.

"Ina za ki?"

"Ba ko'ina."

"Shanya za ki kwashe!"

"Ƙafata ce ta yi tsami, marar kunya. Wannan ruwa ne? Ko akuya ba za ta nemi mafaka ba."

"To ga keken ɗinkin telan bakin layi."

Ya canza hannu. Taka-taka-taka-taka, ya ɗan tsaya kamar tela yana juya ƙyalle, ya sake kamawa, har da ɗan tuntuɓen da keken ke yi in zare ya harɗe. Kaka ta matse baki don kada dariya ta fita.

"Shi in ya yi wannan ƙarar, riga ke fitowa. Kai me ya fito?"

"Jira." Ya kai hannu gefen gangar, inda wani ɗan hannun ƙarfe yake, ya danna shi ƙasa. Wayoyin suka saki jikin gangar. Da ya buga, muryar ta canza gaba ɗaya, ta zama dum, dum, mai zurfi, mai taushi, ba ƙaiƙayi ko kaɗan, kamar wata ganga daban aka shigo da ita.

"Wannan kam na san shi," in ji Kaka. "Rufe-baki ke nan. In zan ta da salla nake danna shi. Na sha dubawa a jikinka ko akwai irinsa, ban samu ba."

"Ai gado na yi. A gidanmu ba a haihuwar mu da shi."

Ya mai da ɗan hannun sama. Ya kwantar da sanda ɗaya a kan gangar, ya riƙa ɗaga gindinta yana bugun bakin ƙarfen. Ƙwaƙ. Sai ya ja tafin hannu a kan robar, shhh. Ƙwaƙ, shhh. Ƙwaƙ, shhh, shhh.

"Wannan kuma mene ne?"

"Wata tsohuwa ce za ta banɗaki. Ga sandarta, ga silifas ɗinta."

"Allah ya isa tsakanina da kai! Haka nake tafiya?"

"A'a, na ƙara miki sauri don kada ki ji kunya."

Ta wawuri tsintsiya za ta kai masa, ya cafke, ya zare 'yan tsinkaye daga ciki, ya haɗa su a hannu biyu, ya fara shafa saman gangar da su yana zagayawa. Wani sauti ya fito mai laushi, kamar iska a cikin ganye, kamar ana raɗa wa jariri. Kaka ta sauke hannu. Ba ta taɓa zaton abin da ya gama cika ɗaki da ƙara yanzun nan zai iya magana ƙasa-ƙasa haka ba.

"Yau na ga abin mamaki," in ji ta can. "Tsinke ya riƙe tsintsiya. Bari in kira uwarka."

"Saura ɗaya. Toshe kunnenki."

"Kunnena ya ji kukanka kana jariri, ba abin da zai..."

Ƙwas! Ya haɗa tsakiyar gangar da bakinta a bugu ɗaya. Tagullar ta yi wata ƙara mai kaifi, tsaf, kamar an karya busasshen katako. Kaji suka watse a tsakar gida. Daga bayan katanga maƙwabciya ta ɗaga murya.

"Kaka, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan! Maigidana ne ya faɗi, ƙashi ya bugi siminti!"

"Allah ya sawwaƙe! A ba shi abinci!"

Tsinke ya yi dariya har ya kifa kai a kan gangar. "To, kin yarda? Murya nawa kika ji?"

"Duk wannan ai wasan yara ne. Kai sai ka doke ta take magana. Ni ko taɓa ta ba na yi. Motar shara in ta shigo layin nan, kafin kunnena ya ji, ita ta riga ta gaya mini, in fitar da kwando. In mai sayar da madara ya rantse bai ƙara ruwa ba, sai ta ce zzz, ya tattara ya fita. Ɓeraye tun da suka ga fuskarsu a jikinta suka bar gidan nan."

"Su ma fuskarki suka gani."

Ya sake bugawa, amma wannan karon ya ɓata fuska. Bayan kowane bugu akwai wata siririyar ƙara da ke biyo baya, tiiin, tana jan jiki kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

"Akwai wani ɗan abu mai danƙo da na manna a nan gefe. Shi ke kashe wannan ƙarar. Tagulla haka take, bakinta ba ya mutuwa da wuri."

"Shuɗin nan? Na ɗauka cingam ne ka tofar. Na kankare na yar."

Ya rufe ido. Ya jawo makullin ya ɗan taɓa noti ɗaya, ya buga. Tiiin. Ya taɓa wani, ya buga. Tiiin. Ya saki makullin cikin gajiya, sai makullin ya rataya a gefe, bakin zanen ya kwanta a kan gangar, kamar faɗin yatsa uku. Ya buga ba da niyya ba.

Tas. Ba wutsiya, ba ƙari. Muryar ta fito cike, ta tsaya inda ya kamata ta tsaya.

Ya sake bugawa. Tas. Ya ɗaga zanen, tiiin. Ya mayar, tas.

"Ka gani ko?" in ji Kaka da ƙarfi. "Wata da watanni ina koya mata ladabi!"

Wayoyin suka ce zzz.

"Yauwa, faɗa masa," ta ce wa gangar, ta ɗan karkata kai wajenta, ta jira ta gama, ta gyaɗa kai. Haka ta saba. Sai da ta ɗago ta ga yana kallonta, sannan ta tuna yau ba su biyu ba ne a ɗakin.

Ya dubi kofin nan guda ɗaya. Ya dubi kujerar baƙi da aka tara wa wanki a kai. Ya dubi inda gindin gangar ya yi zobe a kan leda, dab da inda take zama, ba can kusurwar da ya same ta ba. Kaka ta ji haushin idon nan nasa. Tun yana ƙarami haka yake, ga shi kamar ba ya ganin komai, sai ya gano inda aka ɓoye sukari.

Ya sauke bakin zanen daga kan gangar, ya ɗauke ta ya ajiye a gefen Kaka. Ya shimfiɗa farin ƙyallen. Ya ɗora fulas, ya ɗora kofi, ya ɗora tabarau da kwalbar magani. Ya soke sandunansa a aljihu.

"Me kake yi?"

"Na fasa. Teburinki ne."

"Gwajin fa?"

"Zan je in yi musu tafi. Ko in ari ta wani in an gama da ita."

"Wa zai ba abokin takara aron ganga?"

"To sai wani karon. Ai ƙungiyoyi ba su ƙare ba."

Ta dubi fuskarsa tana neman inda dariyar ta ɓuya. Ba ta samu ba. Tun da aka haife shi take gane zolayarsa kafin ta fito daga bakinsa, yau ta kasa. Abin da ta shirya tun jiya ga shi ya samu, an ajiye mata a gefe har da lulluɓi, sai ta ga ba shi take so ba.

"Kai, ka raina ni ko? Ɗauke wannan tarkacen daga ɗakina."

"Tarkace? Tebur mai kyau haka?"

"Magulmaciya ce! Ba a isa a yi magana a ɗakin nan ba sai ta sa baki. Ko atishawa na yi sai ta kai rahoto."

"Ai tana gaya miki zuwan motar shara."

"Ina da hanci."

"Mai madara fa?"

"Na daina shan madara. Ɗauke ta, na ce! Wata nawa ina ciyar da ita mai, ko na gode ba ta taɓa cewa ba. So kake uwarka ta ce ni na zaunar da kai? So kake ka ƙare a gidajen biki kana bin masu rabon abinci da ido?"

"Ko na ɗauka ba amfani. Kafin a kira ni ta saki, sai an sake ɗaure ta. Makulli kuma ba ya barin zane, zane ba ya barin jiki. Da bakinki kika faɗa."

"Bakin nawa ne, na janye."

Ta kama ƙullin da farce. Ƙullin da aka jiƙa aka ja, ya bushe a haka, ya zama kamar dutse. Ta murɗa, ta tsokana da tsinken tsintsiya, tsinken ya karye. Ta kai shi baki.

"A'a, Amarya, kada ki yi! Shi kaɗai ya rage mana. In ya fita da me za ki riƙa yi mini barazana?"

"To tsaya nan kana washe naka. Miƙo mini almakashi, yana cikin gwangwanin zare."

Nan dariyarsa ta tsaya. Zanen ba sabo ba ne, amma ya san shi tun yana goye, kuma ya san ba kowane zane take ajiyewa ya kai haka ba.

"Kaka, bari in gwada kwancewa."

"Da waɗannan yatsun? Rana ta karkata. Almakashi."

Ya miƙa mata. Ta shimfiɗa bakin zanen a kan gwiwa, ta auna da yatsu uku, ta dube shi, ta ƙara na huɗu. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Ta ɗaga ɗan makullin da yankin zanen yana reto a jikinsa, ta kama hannunsa ta danna masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ga makulli, ga mai koya mata ladabi. Ka shimfiɗa mata shi yadda ka ga ya kwanta ɗazu. In suka tambaye ka wa ya koya maka, kada ka yi ƙarya."

Ya sauke fulas a karo na biyu. Ya ɗora yankin zanen a gefen gangar, ya buga sau ɗaya, don a tabbatar. Tas.

"To yanzu kin yarda mijinki ya iya kiɗa?"

"Na yarda zanena ya iya."

"Ni fa?"

"Kai ɗan dako ne. Ka kai shi, ka riƙe masa sanda."

Ya kwashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu sama da sandunan a ciki. "Na sallama. Kin ci."

"Da can ma. In sun ɗauke ka, ka zo da bakinka ka faɗa mini, ba a waya ba. In kuma sun kore ka, ka turo gangar ita kaɗai, ta fi ka iya ba da labari."

"Addu'a fa?"

"Allah ya toshe kunnuwan alƙalan, ya buɗe zukatansu."

"Amin, Amarya."

"Tashi ka tafi," in ji ta, tana dariya tana nuna shi da almakashin, "kafin in ga kunnen nan naka ma zai yi kyau a kan ganga."